Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Darasi A Kan Auna Kwatancen Da Ake Yi Wa Ɗan Aiken Kwamfuta

MAKASUDIN DARASI

Tun ƙarshen shekarar 2022, sa'ad da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, jama'a suka saba da manhaja mai ƙirƙirarriyar basira wadda ake yi wa tambaya ta ba da amsa kamar mutum. Ba a daɗe ba aka wuce nan, aka shiga ba irin wannan manhaja ikon aikata abu da kanta, watau ta buɗe rajista, ta aika wasiƙa, ta biya kuɗi, ko ta soke tikitin jirgi. Manhajar da aka ba wannan iko za a kira ta ɗan aike a cikin wannan darasi, domin kuwa aikin kusan ɗaya ne da na masinjan ofis: a aike shi, ya tafi, ya aikata, ya komo da labari.

An shirya darasin ne domin akawuna, da shugabannin ofisoshi, da ɗalibai, da duk wanda wata rana za a damƙa wa irin wannan ɗan aike a ce ya lura da shi. Abu guda ake so mai karatu ya riƙe. Ba a gane kyan kwatancen da aka rubuta wa ɗan aike ta wurin karanta shi. Sai an aike shi da kwatancen, sau da yawa, an duba abin da ya aikata.

BAƘO DA TAKARDA A HANNU

Ɗan aiken kwamfuta ba shi da hannu. Duk abin da zai yi, da kayan aiki yake yinsa, su kuwa kayan aikin waɗansu ƙananan manhajoji ne, kowace da aikinta guda. Wata ta nemo sunan mutum a rajista, wata ta rubuta rasit, wata ta yi bincike a intanet. Abin lura a nan shi ne ɗan aiken ba ya ganin cikin waɗannan kaya, bai san yadda aka ƙera su ba. Abin da ake miƙa masa kurum ɗan rubutu ne a kan kowane ɗaya, rubutun kuwa kashi uku ne. Na farko sunan abin aikin. Na biyu kwatance, watau bayani da maganar mutane a kan abin da yake yi da lokacin da ya kamata a ɗauke shi. Na uku jerin gurabe da za a cike, kamar guraben fom, kowane gurbi da irin abin da yake karɓa, ko lamba, ko suna, ko kwanan wata.

Kamfanin OpenAI ya buɗe wa masu ƙera manhaja wannan hanya a watan Yuni na 2023. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fito da wata ƙa'ida mai suna MCP, domin a sami tsari guda na haɗa ɗan aike da kayan aiki, ko wane ne ya ƙera su. A cikin 2025 OpenAI da Google suka karɓi ƙa'idar, kayan aikin da aka rubuta bisa gare ta suka kai dubbai. Tun da yake kowa yana iya rubuta nasa, sai aka sami kwatance iri iri, wani cikakke, wani kuwa kalma uku ko huɗu.

Masinjan da ya shekara goma a ofis, in aka ce masa ya kai takarda wurin Malam, ya san wane Malam ake nufi, ya san kuma ba a samunsa bayan Azahar. Ɗan aiken kwamfuta ba haka yake ba. Galibi kowane aiki yakan faro shi ne kamar baƙon da ya sauka garin yau, ba abin da ya sani game da ofis sai abin da ke cikin takardar hannunsa. Har wa yau, an ce matambayi ba ya ɓata, amma shi wannan sau da yawa ba ya tsayawa tambaya. In ya tarar da giɓi a kwatance sai ya cike shi da zato, ya wuce, ya komo ya ce an gama.

ƘOFOFI HUƊU DA KUSKURE KAN SHIGO

Ƙofa ta farko ita ce ma'auni. Kamfanonin da ke karɓar kuɗi ta intanet da yawa suna lissafi da ƙaramin kuɗi ne, ba da babba ba. Paystack na Nijeriya da kobo yake ƙirga kuɗin Nijeriya, Stripe kuma da santi yake ƙirga dalar Amurka. To, in wanda ya rubuta kwatance ya sa wa gurbi suna "adadi" ya yi shiru, aka ce wa ɗan aike ya karɓi naira 5,000, zai iya rubuta 5000 a gurbin, abin da zai shiga kuwa naira 50 ne. Ba wata ƙararrawa da za ta kaɗa, domin lambar da ya rubuta lamba ce sosai. Haka kuma kwanan wata. In aka rubuta 03/04, mutumin Ingila da na Nijeriya za su karanta 3 ga Afrilu, Ba'amurke kuwa ya karanta 4 ga Maris.

Ƙofa ta biyu ita ce kamanni. In akwai kaya biyu, ɗaya na nemo mai saye, ɗaya na nemo odar da ya yi, aka kuwa rubuta wa kowanne "yana nemo bayani", ɗan aike zai riƙa ɗaukar wannan a maimakon wancan. Haka in aka sa wa gurbi suna "mutum", ba a faɗi ko sunansa ake so ko lambarsa ta rajista ba. Kwatance nagari yakan faɗi lokacin da za a ɗauki abin aikin, ya kuma faɗi lokacin da ba za a ɗauke shi ba.

Ƙofa ta uku ita ce abin da marubuci ya sani har ya manta cewa ba kowa ya sani ba. A watan Disamba na 2024 injiniyoyin Anthropic suka ba da labarin abin da ya same su sa'ad da suke shirya ɗan aike mai gyaran manhaja. Akwai hanya biyu ta nuna inda fayil yake a kwamfuta. Ko a faɗi cikakken adireshinsa tun daga tushe, ko a faɗi gajere, ana ƙirgawa daga inda mutum yake tsaye. Ɗan aiken yana amfani da gajeren lafiya lau, amma da zarar ya matsa zuwa wata jaka sai ya shiga kuskure, kamar wanda aka ce wa "gida na uku a hannun dama" alhali ya riga ya sake titi. Suka gyara abin aikin yadda ba zai karɓi komai ba sai cikakken adireshi, kuskuren ya ɗauke.

Ƙofa ta huɗu ita ce ɗabi'ar ɗan aiken kansa. Kamfanin nan dai ya bayyana a 2025 cewa sa'ad da ya ba Claude abin bincike a intanet, an lura yana liƙa "2025" a jikin kalmomin da yake nema ba tare da dalili ba, wannan kuwa ya karkatar da sakamakon binciken. Da gyaran kwatance aka shawo kansa.

Mai karatu ya lura da bambancin da ke tsakanin ƙofofin nan. Ta farko da ta biyu, mutum mai natsuwa yana iya gano su yana zaune a teburinsa. Ta uku da ta huɗu kuwa, ko malamai goma suka karanta kwatancen da wuya su hango su, domin aibin ba a fuskar takarda yake ba, yana bayyana ne sa'ad da takardar ta gamu da ɗan aike a bakin aiki. Dalilin awo ke nan.

YADDA AKE AWO

Mataki na farko, a tattara ayyuka na gaske. Kada a ƙago masu sauƙi irin su "nemo lamba kaza", domin ko kwatance maras kyau yakan ci irin wannan jarrabawa. A ɗauko buƙatun da mutane ke kawowa kullum, da kalmominsu na yau da kullum, waɗanda sai an yi amfani da kaya uku ko huɗu a jere kafin a biya su. Ga misali: mai saye ya ce an cire masa kuɗi sau biyu a kan kaya guda, a bincika, in gaskiya ne a mayar masa da ɗaya. A haɗa da ayyukan da ba su da abin aikin da ya dace da su, domin a ga ko ɗan aike zai ce ba zai iya ba, ko kuwa zai ɗauki abin da ke kusa ya yi ɓarna. Masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, waɗanda suka kafa allon gwada ɗaukar kayan aiki a 2024, sun ware wa wannan fanni sashe na musamman.

Mataki na biyu, a rubuta amsar kowane aiki tun kafin a fara, a kuma dogara ga abin da ya auku, ba abin da ɗan aike ya faɗa ba. In ya ce ya mayar da kuɗi, a buɗe rajista a gani, nawa ya mayar, wa kuma ya mayar wa. Amma kada a tsananta a kan hanya. In akwai hanyoyi biyu masu kai wa ga amsa guda, kowace ya bi daidai ne.

Mataki na uku, a yi gwajin a rajistar gwaji, watau kwafin ta gaskiya wanda ba kuɗin kowa a ciki. Ba a koyon aski a kan mai sarauta.

Mataki na huɗu, a ƙirga. Ayyuka nawa ya gama daidai? Sau nawa ya ɗauki abin aikin da bai dace ba? Sau nawa abin aiki ya ƙi karɓar abin da ya cike a gurbi? Kira nawa ya yi kafin ya gama, lokaci nawa ya ci, kuɗi nawa aka kashe? Kowace lamba da abin da take nunawa. In abin aiki yana yawan ƙin karɓa, bayanin gurabe ne bai fita ba. In ɗan aike yana kiran abu guda sau ashirin, mai yiwuwa abin da ake mayar masa ne bai ishe shi ba, ko ya yi masa yawa.

Mataki na biyar, a karanta littafin aiki. Kwamfuta tana ajiye duk abin da ɗan aike ya kira, da abin da ya cike, da amsar da ya samu. Lamba takan nuna cewa an faɗi, amma littafin ne ke nuna inda aka yi tuntuɓe. Wannan shi ne mataki mafi gajiyarwa, shi ne kuma wanda aka fi tsallakewa, alhali a nan ake ganin irin su "2025" da aka ambata.

Mataki na shida, a gyara abu ɗaya tak, a sake gwaji. In aka sake suna, da kwatance, da gurabe gaba ɗaya, sakamako ya gyaru ko ya lalace, ba wanda zai san dalili. Kuma kada a dogara ga zato wajen zaɓen gyara. A 2024 masu bincike na Jami'ar Princeton, sa'ad da suke ƙera SWE-agent, suka gwada yawan layukan fayil da ya kamata a nuna wa ɗan aike a lokaci guda. Suka tarar layi 100 ya fi layi 30, ya kuma fi nuna fayil ɗin dukansa. Da tunani kaɗai mutum zai iya cewa ganin duka ya fi, awo kuwa ya nuna ba haka ba ne.

Mataki na bakwai, a ɓoye waɗansu ayyuka tun farko, kada a duba su sa'ad da ake gyara. Malamin da ya koya wa ɗalibai ainihin tambayoyin jarrabawa zai ga sun ci, amma bai san ko sun iya ba. Haka mai gyaran kwatance yana iya yi ta gyara har ya dace da ayyukan da ke gabansa kaɗai. Ɓoyayyun ayyukan su ne alƙalai na ƙarshe.

Ana iya sa wani ɗan aike ya taimaka wajen wannan hidima. A watan Yuni na 2025 Anthropic ya ba da labarin ɗan aiken da aikinsa shi ne ya gwada abin aiki mai matsala sau da yawa, sa'an nan ya sake rubuta kwatancensa. Waɗanda suka yi aiki da sabon kwatancen, lokacin da suke ci wajen gama aiki ya ragu da kashi 40 cikin 100. Duk da haka abin da ɗan aike ya rubuta shi ma sai an auna shi, kamar na mutum.

SAU ƊAYA BA GWAJI BA NE

Akwai wani hali na ɗan aike da ya kamata a tsaya a kansa. Injin lissafi in aka ba shi tambaya guda sau ɗari, amsa guda zai bayar. Ɗan aike kuwa yana iya bin hanya daban kowane karo, ya gama aiki yau, gobe ya kasa wannan aikin da kwatancen nan dai. Saboda haka wanda ya gwada sau ɗaya ya ga an dace, bai san komai ba tukuna.

Lissafi zai fayyace wannan. A ɗauka ɗan aike yana gama wani aiki daidai sau 9 cikin 10. A kunne wannan abin yabo ne. Amma in mutum takwas suka zo da wannan buƙata a jere, damar a biya wa dukansu ba tare da kuskure ko ɗaya ba ba ta wuce kashi 43 cikin 100 ba. Watau a mafi yawan irin waɗannan ranaku, akwai wanda zai koma gida an ɓata masa lissafi.

A watan Yuni na 2024 kamfanin Sierra na Amurka ya fito da wata jarrabawa mai suna Tau-bench wadda aka gina a kan wannan tunani. Aka kwaikwayi kanti da ofishin jirgin sama, aka ba ɗan aike kayan aiki da dokokin ofis, aka sa wata manhaja ta zama mai saye, a ƙarshe aka duba rajista a ga ko ta zama yadda ya kamata. GPT-4o, wanda yana cikin mafiya ƙarfi a lokacin, bai gama rabin ayyukan ba in aka haɗa su duka. Da aka nemi ya gama aiki guda sau takwas a jere a sashen kanti, abin da ya iya bai kai kashi 25 cikin 100 ba. Manhajojin da suka biyo baya sun fi shi nesa, amma darasin yana nan: a maimaita kowane aiki, a ƙirga wanda aka gama kowane karo, ba wanda aka taɓa gamawa ba.

KWATANCE MAI GUBA

Duk abin da aka faɗa a baya a kan kwatancen da aka rubuta da kyakkyawar niyya ne. Akwai kuma na mugunta. Ɗan aike yana ɗaukar kwatance tamkar umurni, mai amfani da shi kuwa sau da yawa ba ya ganin kwatancen dukansa, sunan abin aikin kaɗai ake nuna masa. A watan Afrilu na 2025 kamfanin Invariant Labs na ƙasar Suwizalan ya nuna haɗarin wannan. Suka ƙera abin aiki wanda a fili aikinsa tara lamba biyu ne, suka ɓoye umurni a cikin kwatancensa cewa ɗan aike ya karanto waɗansu fayiloli na asiri daga kwamfutar mai shi, ya aiko da su, kada kuma ya faɗa masa. Ɗan aiken ya bi. Sun kuma yi gargaɗi cewa mai abin aiki yana iya sake kwatance bayan an riga an amince da shi.

Saboda haka awo yana da fuska biyu. Ana auna ko kwatance yana kai ɗan aike inda ake so, ana kuma auna ko yana kai shi inda ba a aike shi ba. Duk abin aikin da ya fito daga waje, lalle wani mutum ya karanta kwatancensa daga farko har ƙarshe, a ajiye kwafi, a riƙa gwama shi da wanda ke aiki. Ƙa'idar MCP tun 2025 ta ba da damar a yi wa abin aiki alama cewa karatu kaɗai yake yi, ko kuwa yana iya shafe abu. Amma alamar nan faɗar mai abin ce, ba shaida ba ce, ƙa'idar da kanta ta ce kada a dogara gare ta in ba a amince da mai ita ba. Aikin da ba ya gyaruwa in an yi shi, kamar biyan kuɗi ko shafe rajista, a sa ɗan aike ya tsaya sai mutum ya ba da izini.

HARSHE DA ALHAKI

Mafi yawan kwatance da Turanci ake rubuta shi, jarrabawowin da aka ambata su ma haka. Ofishin da jama'arsa ke kawo buƙata da Hausa bai kamata ya ɗauki sakamakon Turanci ya kwanta a kai ba. A sa ayyukan gwaji da Hausa, yadda mutane ke rubuta ta, wani da ƙugiya wani babu. A ga ko ɗan aike zai gane cewa Ɗanladi da Danladi mutum guda ne a rajista, ko "jibi" wace rana ce, ko "jaka biyu" nawa ne a bakin mai magana. In abin aikin ba ya haɗa harafi mai ƙugiya da maras ƙugiya, wajibi ne kwatance ya faɗi haka, domin ɗan aike ya nemi sunan ta hanya biyu.

Awo kuma ba a yinsa sau ɗaya a rufe littafi. Duk ran da aka sake manhajar ɗan aike, ko aka ƙara sabon abin aiki, ko aka taɓa kalma guda a kwatance, sai a sake jarrabawar daga farko, domin abin da ya dace da wannan ɗan aike ba lalle ya dace da magajinsa ba.

Daga ƙarshe, in naira 5,000 ta koma naira 50, ba kwamfuta za a kira gaban shugaba ba, ba ita kuma za ta ba mai kuɗi haƙuri ba. Alhakin yana wuyan wanda ya rubuta takardar, da wanda ya sa hannu aka fara aiki da ita ba a gwada ba. Shugaban ofis ba sai ya iya ƙera manhaja ba kafin ya tsare wannan amana. Ya isa ya tambayi wanda ya kawo masa ɗan aike abu uku: ayyuka nawa aka gwada, sau nawa aka maimaita kowanne, wa kuma ya karanta littafin aikin.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne abubuwa uku ne ake miƙa wa ɗan aike game da kowane abin aiki?

2. Cikin ƙofofi huɗu na kuskure, waɗanne ne ba a iya ganowa da karatu kaɗai? Me ya sa?

3. An rubuta wa wani abin aiki wannan kwatance: "Yana biyan kuɗi. Gurabe: mutum, adadi, rana." A sake rubuta shi yadda baƙo ba zai ɓata ba.

4. Don me ake ɓoye waɗansu ayyukan gwaji sa'ad da ake gyaran kwatance?

5. In ɗan aike yana gama aiki daidai sau 8 cikin 10, mece ce damar ya gama shi daidai sau uku a jere?

6. A rubuta ayyukan gwaji biyar daga cikin buƙatun da jama'a ke kawowa ofis, ɗaya daga ciki ya zama wanda ya kamata ɗan aike ya ƙi yi.